Minti Bakwai Tsakanin Gaɓa Biyu

Shekara goma sha tara na yi a masana'antar takarda,
har hancina ya daina jin warinta.
Ran da aka datse ƙofarta da kwaɗo
na dawo gida da kofina da takalman aiki,
na rasa inda zan ajiye hannuwana.

Yanzu ga ni a jirgin fito, a wani lungu na tafkin Saimaa.
Rigar aikin ta yi mini yawa a kafaɗa,
a wuyanta an rubuta sunan wani: Eelis.
Ban tambayi inda ya tafi ba.

Mota takwas muke ɗauka, tara in an matsa.
Igiyar ƙarfe ke jan mu,
ta fito daga ruwa tana ɗiga,
ta sake nutsewa a bayanmu ba sallama.
Minti bakwai zuwa, minti bakwai dawowa.

Taisto ke koya mini, mutum ne mai rowar baki.
Ranar farko kalma biyar na ƙirga masa:
"Sarƙa. Ba nan ba. Kofi."
Ranar ta uku na ɗaga shinge tun gadar ba ta zauna ba,
wata mota ta yi tsallen ɗan akuya.
Direban ya dube ni, ya dubi Taisto,
Taisto ya dubi ruwa.
Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ga bazara ta zo da rashin kunyarta.
Rana ta ƙi faɗuwa,
sai ta jingina da kan itatuwa kamar baƙon da ya ce zai tafi
amma yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙara labari.
Sirkka ta rataya bargo a tagar ɗakinmu,
duk da haka haske na sato hanya ta gefe
ya kwanta a kan ƙafata.
Ƙarfe biyun dare ina kwance ina jera motoci a kaina,
kullum ta tara ba ta shiga.

Sauro kuwa sun san ni tun kafin abokan aiki su san ni.

Da rana mutanen birni ke cika mu,
katifa a saman mota, kare a taga,
yara da ƙafafu a waje suna tambaya ko akwai kifi a ƙasanmu.
Ina ce musu akwai, wani ma ya girmi kakansu.

Kowace Talata tsohuwa Orvokki kan zo da kekenta,
bokitin sabon dankali a baya, ƙasa ba ta bushe a jikinsa ba.
Mako uku tana kirana Eelis.
Na bar ta, don rigar ce take gaisarwa.
A na huɗu ta tsaya, ta ƙare mini kallo,
ta ce, "Kai ba shi ba ne. Shi ba ya riƙe mini keke."
Ta zuba mini dankali shida a hula.

Da yamma muka dafa su da gishiri kawai,
muka ci a bakin ruwa, ƙafafunmu a ciki,
hayaƙin ɗakin gumi na tashi a bayanmu.
Sirkka ta ce warin dizal nake yi.
Na shinshina hannun rigata, ban ji komai ba,
sai na yi dariya, ita ba ta san dalili ba.

Jiya, a tsakiyar ruwa, iska na kaɗawa daga gabas,
Taisto ya saki sandar tuƙi ba ko tari,
ya koma kan benci ya buɗe jaridar makon jiya.
Gaɓa na matsowa, bakina ya bushe.
Na rage wuta, na ƙara ragewa,
gadar ta sauka a kan siminti a hankali
kamar an ajiye ƙwai a faranti.

Bai ɗago kai ba.
Ya juya shafi, ya ce, "Kofi."