Mai Tsawa a Naraguta

Aikina tsawa ne.
Ina bayan labule da fallen kwano
da na ɓanɓaro daga rufin kicin ɗinmu a Unguwar Rogo.
In Kangyang ta durƙusa, sai in girgiza shi,
sama ta tsage a cikin ɗaki.

Malam Dalyop ya ce ba ni na fara ba.
Wai a Landan, shekara ɗari biyu baya,
doka ta hana ƙananan gidajen wasa zance tsagwaro,
sai suka shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashin magana
don hukuma ta kau da kai.
Wannan wayo ne ya haifi kuka mai amo:
marayu, takardar bashi, wasiƙar da ta ɓata,
jirgin kwali yana nitsewa cikin shuɗin zane,
kare yana ceton ubangidansa,
fitilar gas tana huci a bakin dandamali.
'Yan kallo kuwa leburori ne da masu wanki,
sun ba da kuɗin guminsu
don su ga mugu ya sha ƙasa
ko sau ɗaya, kafin barci.

Na ce, Malam, ai na san su.
Kakana ya haƙi kuza a Dilimi,
ya ɗauki kwano a ka har wuyansa ya shige.
Da yana can, da sisi a aljihu,
shi ne zai fi kowa ihu.

Abu ɗaya nake musu ƙyashi.
Mugunsu da baƙar alkyabba yake shigowa,
kiɗa ya yi ƙasa da murya kafin ya taka,
yaro ma ya san shi.
Namu ya zo ranar Talata cikin farin yadi,
ya gaida mahaifiyata har ƙasa,
ya sha ruwa, ya yaba sanyin randa,
ya tafi da takardar filinmu.
Ba a kaɗa komai ba.
Ko kaza ba ta motsa ba.

Daren yau Tanimu ne mugun.
Gashin bakinsa na gawayi ya karkace,
mura ta sa shi atishawa tsakiyar barazana,
ɗalibai suna ta dariya.
Kangyang ta durƙusa. Lokacina ya yi.
Na girgiza kwanon har tsatsa ta zubo min a ido,
na ƙara,
na wuce inda aka ce in tsaya,
dariya ta ɗauke.
Malam yana ɗaga min hannu daga gefe.
Ban gani ba.
Ko dai na gani.