Allura a Kan Dutse

Ban je don kallo ba.
Saƙo aka kawo mini shago, nan bayan Taminus:
wai keken ɗinki ya ƙi ci, can bayan duwatsun Shere,
mai shi ta tsufa, ba ta iya saukowa.

Na ɗau jakar aiki, da man keke a kwalbar magani.
Mota ta sauke ni inda kwalta ta ƙare.
Ɗan acaɓa ya sauke ni inda ƙarfin halinsa ya ƙare,
ya ce sauran ƙafa ke ƙarasawa.

Hanya ta kutsa tsakanin shingen ƙyarana.
Hagu acca ce, ta kwanta luf kamar gashin jariri,
dama kunyoyin dankali, ƙasa ja, jiƙe da ruwan jiya.
Ƙirjina na huci kamar zugazugin maƙera.
Wata akuya bisa dutse tana tuƙa, tana bi na da ido,
irin kallon da muke wa baƙo in ya ɓata a kasuwa.

Gida goma sha ɗaya na ƙirga.
Ƙararrawar cocinsu wilin mota ne, rataye a reshen atili.
Babu injin niƙa, babu janareta.
Shirun ya yi yawa har na ji agogon hannuna yana tafiya.

Mama Adar ta yaye wa keken zane kamar mai tashin maras lafiya.
Na duba ƙasa, na duba sama.
Allura ce aka sa a juye.
Jikanta Itse ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da ɗan yatsa.
Ta yi dariya har ta share ido da haɓar zane:
"Wanda ya hau dutse don allura
ba ya sauka da yunwa."

Gwaten acca da yakuwa, mai zafi.
Atili a ruwan ɗumi, na tsotse har ƙwallo.
Sannan ta yanke wa mai laifi hukunci:
ya kai baƙo ya ga ruwa.

Muka bi ta ƙarƙashin duwatsu uku, ɗore kan juna,
na saman ya fi ɗakina girma, a tsaye kan abin da bai kai faifai ba.
Na ce, wa ya ɗora?
Ya ɗaga kafaɗa: haka muka tarar.
Rema ta leƙo, ta koma.
Ga tsohon ramin kuza ya cika da ruwa kore shar,
nan kakansa ya bar ƙarfinsa, in ji shi,
yanzu kwaɗi ne ke da wurin, su da 'yan tsuntsaye masu sauka su sha.

Tun ban gan shi ba na ji shi.
Farin ruwa yana zubowa daga tsagar dutse
kamar an kwance dami guda na zare.
Na ce, yaya sunansa?
Ya dube ni da mamaki. Ya ce: Ruwa.

Nan la'asar ta same ni.
Alwala ta sa haƙorana karo da juna.
Na shimfiɗa rigata a kan fa,
yaron ya tsaya gefe da sanda, ba wanda ya sa shi,
yana kore awaki kada su gitta ta gabana.
Da na sallame, gajimare ya sauko ƙasa da ƙafafunmu,
Jos can nesa, kwanonta na ƙyalli,
kamar maɓallai da suka zube daga gwangwani ba mai tsincewa.

Ban karɓi kuɗi ba. Ta fi ni taurin kai:
mudun acca, da atili ƙulle a leda.

Yau kwana tara.
Hon, hayaƙi, mai rake na faɗa da mai baro a ƙofar shago.
Na laluba jaka, babu ƙaramin sukurdirebana mai jan kai.
Na san inda yake: kan tagarta, kusa da kwalbar zare.
Yarona ya ce a sayo wani, ga su nan tsallaken titi.
Na ce a'a, bar shi.
Mutum na buƙatar dalilin komawa.