Ajin Daren Laraba

A Lleida, in an tashi daga gonar tuffa,
mukan taru a saman gidan burodi.
Malama Montse ta rubuta a allo: mi, tu, su.
Ta ɗaga mabuɗinta, "Mi llave."
Driss ya ɗaga hula.
Halyna ta ɗaga hannuwa biyu duk faso,
ta ce, "Mis manos."
Muka yi dariya, amma ta fi mu gaskiya,
su kaɗai ne ba na haya ba.

Su ɗin nan ce ta ba ni wuya:
nasa ne, nata ne, nasu ne,
har naka ne in ana girmama ka.
Kalma ɗaya, masu ita da yawa,
kamar ɗakin da muke kwana mu bakwai.

Sai aka shiga abin da ya wuce.
Comí, na ci. Trabajé, na yi aiki.
Nauyin yana sauka a ƙarshen kalma
kamar akwati a kafaɗa da yamma.
Fue kuwa, in ji ta, fuska biyu gare shi:
ya tafi, kuma ya kasance.
Kowa ya yi jimla.

Na rubuta: Mi hermano fue.
Ɗan'uwana.
Ta tsaya a kaina da jan biro.
"Ya tafi ina? Ko ya kasance me?
Ba ka ƙarasa ba."
A ƙasa ana fitar da burodin gobe.
Na ce, "Malama, nan ta ƙare."

Ta daɗe tana duban takardar.
Ta rufe bironta,
ta bar mini ayata a inda na sa.