Ƙofa Dubu Sittin da Biyar

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kashe gobara
a kan tuddan Valparaíso,
inda gidajen kwano ke hawa kafaɗar juna
don kowa ya hango teku.
Na san katangar da ake ginawa tsakanin gida da gida
don wutar maƙwabci ta tsaya a gidan maƙwabci.
Da bayan hannu nake taɓa ta kafin in shiga.
In ta yi zafi, na san abin da ke jirana.

Yanzu gwiwa ta yi faɗa da matakala.
Fresia na ɗakin sama, ta manta sunana,
amma ba ta manta yadda ake ninke tawul ba.
Muka ɗora 'yar kyamara a kan kabad
don in riƙa ganinta daga kicin.

Daren Laraba, ƙarfe biyu da kwata,
kyamarar ta juya wuyanta.
Ni ban taɓa ta ba.
Murya ta fito, ta namiji, yaro ne ma,
yana dariya da yaren da ban taɓa ji ba.
Sai Fresia ta gyara gashinta,
ta ce masa, "Shigo mana, akwai sanyi a waje."

Na fizge wayar daga bango.
Na sauka na duba ƙofar gida: a kulle take,
sakata biyu, sarƙa, da kujerar da nake tokarewa da ita.
A kan kujerar na zauna
har jiragen ruwa suka fara busa ƙaho.

Jikata Rayén ta zo da safe.
Ko rigar ruwa ba ta cire ba ta durƙusa
gaban akwatin nan mai ƙyafta koren ido
da mutumin kamfani ya cusa bayan talabijin.
"Kaka, gidanka ƙofa nawa?"
Na ce biyu, in an haɗa da ta baya.
Ta ce, "Wannan kaɗai yana da dubu sittin da biyar da 'yan kai,
kuma makullinsa na nan yadda ya fito daga kwali."

Ta hau rufewa.
Wannan a rufe. Wannan ma. Wannan wa ya buɗe ta?
Ta kafa doka ɗaya a saman sauran:
wanda ba mu kira ba, kada a amsa masa.
Ta raba kyamara da kwamfutar da nake duba fansho,
ta ware talabijin, kowa da ɗakinsa,
in ɗaya ta kama, kada ta ci 'yan uwanta.
Nan na gane. Na ce ai wannan aikina ne.
Ta ce, "Sunan ma a wurinku aka aro: katangar gobara."

Na ce ina take, in taɓa.
Ta juyo mini da allon:
jerin waɗanda suka ƙwanƙwasa tun zuwanta,
ɗari huɗu da goma sha bakwai,
ba suna, ba fuska, lambobi da ɗigo a tsakani,
a gaban kowanne an rubuta: an hana.
"Ba su san ka ba, Kaka. Ba ƙiyayya ba ce.
Injuna ne ke bin duniya suna gwada kowace ƙofa,
kamar iskar kudu mai neman inda kwano ya saki ƙusa."

Ta ce in zaɓi kalmar sirri, doguwa,
wadda ba wanda zai iya canka.
Na rubuta abin da Fresia ta raɗa mini
a tashar bas, ranar da na makara da awa biyu.
Mutum biyu ne suka san shi a duniya.
Ɗaya ta manta.

Yanzu da dare nakan buɗe jerin in zauna,
kamar zaman gadi a ofishinmu na dā,
shayi na hucewa, lambobi na sauka.
An hana. An hana. An hana.

Jiya ina ja mata bargo ta riƙe hannuna.
"Yaron nan bai dawo ba.
A waje ka bar shi?"
Na ce a waje na bar shi.
Ta daɗe tana dubana,
sannan ta juya fuskarta bango.