Zoben Jijiya

Ubana agashe yake gasawa a Wad Madani,
bakin tashar da motocin Sinnar ke lodi.
Shi ya koya mini riƙon wuƙa.
Kada ka danna, in ji shi, bar kaifi ya yi magana,
nama ya san inda zai rabu tun kafin ka gani.

Yau ga ni cikin farar riga a ɗakin gwaji,
wuƙata ba ta kai tsinken tsire ba,
abin fiɗa kuwa ɓera ne,
fari sol, mai ido kamar tsabar rumman,
wanda na shayar da hannuna tsakar rani.

Keji goma sha biyu.
Shida ruwan famfo suke sha, lafiya lau.
Shida kuwa sai na auna musu farar hoda,
salfayit, mai warin ashana in an ƙyasta,
wadda ake barbaɗa wa busassun 'ya'yan itace
don kada tsufa ya taɓa musu launi.

Dakta Awaɗif ta ce in rubuta lamba, ban da suna.
Na ƙi ji. Na huɗu na kira shi Cindo,
don yana da wani ɗan tsiro a ƙafar gaba.
Mako takwas yana lasar yatsana.
Ran da aka kwantar da shi kuwa
ni na riƙe mizani.

Daga bayan zuciya ake zaro ta,
siririya kamar zaren lilo, babbar hanyar jini.
In yanka ta zobe-zobe,
in rataya kowanne tsakanin ƙugiya biyu
cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, yana ƙyaƙyata da iska.
Mai ita ya tafi, amma ita ba ta ji labari ba:
ka ɗiga mata wannan, ta tsuke,
ka ɗiga wancan, ta saki jiki
kamar tsohuwar da ta sauke tulu bayan tafiyar wuni.

Zoben Cindo ya tsuke da aka ce ya tsuke.
Da aka ce saki, sai ya yi jinkiri,
ya saki rabi, ya riƙe rabi,
irin sallamar wanda aka taɓa cuta.
Allura tana jan layi a takarda,
ina kallo, bakina ya bushe, ban da bayani.

Wuta ta ɗauke da la'asar.
Muka zauna da fitilar waya, Dakta tana fifita da fayil.
Ta ce, Haladu, kada ka yi gaggawa.
Ɓera shida ba hujja ba ne, ɓera kuma ba mutum ba ne,
abin da muka ba su ya fi na kwanon kowa.
Sai mun sake, mun kuma sakewa.
Na ce to. Ita ta fi ni sani.

Amma na tuna ranar da wani ɗan kasuwa
ya kawo wa ubana ƙulli a leda,
ya ce shafa wa naman jiya, zai tashi ja kamar na yanzu.
Tsoho ya sansana, ya mayar masa.
Ya ce nama in ya kwana, a bar shi ya faɗi da bakinsa.
Mun yi asara ranar. Karnukan tasha sun yi biki.
Shi bai san zobe ba, bai san allura ba,
hanci kawai gare shi da tunani.

Da magariba Gwaggo Dije ta jiƙa kamaruddin,
ruwan ɗorawa shar, kamar ba a taɓa shanya shi ba.
Ta miƙo kofi, ƙanƙara tana kaɗawa.
Azumi ya yi nisa, Nilu na can yana wucewa bayan gida.
Na sha. Ƙarya zan yi in na ce ban sha ba.
Sai dai na ɗora yatsa biyu a wuyana,
ina sauraren wata siririyar hanya
tana tsukewa, tana saki, tana tsukewa,
ba ta taɓa tambayata me na aiko mata ba,
ita dai a ba ta jini.