Saiwar da Na Tono a Alamos

A bakin busasshen rafi, kudu da Alamos,
motata ta mutu, ina jiran makanike.
Awa huɗu ba mai giftawa sai ungulu.
Nan na gan shi, ya naɗe wani mataccen itace,
kore shar, a ƙasar da ta shekara ba ruwa.

Da bakin sifana na tono shi.
Saiwar ƙulu-ƙulu kamar dankali,
na ƙunshe ta a tsohuwar rigar aiki
har Hermosillo, ƙarƙashin kujerar direba.
Eufemia ta leƙa, ta taɓe baki:
"Baudelio, maza na kawo wa matansu turare,
kai ka kwaso mini ciyawar dawa."

San Migelito ake ce masa. Kakata ta san shi,
ni ne na manta sai ran nan.
Na binne shi can baya, gefen tankin wanki,
inda ko kare ba ya kwanciya,
don gaban gida na wardinta ne,
tushe bakwai, kowanne da sunansa,
da safe a shayar da shi kamar jariri,
da rana a kafa masa inuwa.

Wata biyu shiru. Na ce ya mutu.
Sai hadarin Yuli ya zubar sau ɗaya,
kwana uku ga ɗan zare ya leƙo
yana laluben iska, makaho mai neman bango.
Ya kama waya. Ya kama igiyar shanya.
Kafin Satumba ya haɗiye keken jikana,
ya tsallake katanga ba sallama,
ya samu eriyar Nicanor yana ta hawa.

Nicanor ya zo da ganye a hannu, shaida ke nan:
an toshe masa indararo, hoto ya ƙi fita a talabijin.
Na ba shi haƙuri, na wasa adda,
na sare shi ƙasa-ƙasa, buhu tara.
Eufemia ta ce madalla.
Ni ma na ce madalla, idona ba ya kan kowa.

Sai shekarar da madatsar ruwa ta nuna gindinta.
Famfo ya koma awa uku, Talata da Asabar,
wata ran ma tari kawai yake yi.
Bokitin sha, na girki, na wanka;
wardi ba ya cikin lissafi.
Ta riƙa kai musu ruwan wanke-wanke a ɓoye,
duk da haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya.
Na ƙarshen, jan nan mai sunan mahaifiyarta,
ta tsaya a kansa da kofi guda a hannu,
ta rasa wa za ta kashe wa ƙishirwa.

Shi kuwa mutumin, ba wanda ya tuna da shi.
Ko yawu ban tofa masa ba.
Abin da ya ɓoye a ƙasa shi ya ci.
Ya ɓullo ta wuri biyar a maimakon ɗaya,
ya lulluɓe rumfar kwano da ganye mai siffar zuciya,
sannan, cikin zafin da ke narkar da kwalta,
ya zubo furanni ruwan hoda, zangarniya kan zangarniya.
Ƙudan zuma suka taso daga inda ban sani ba;
tun asuba bayan gidanmu ke ruri
kamar tashar mota ranar kasuwa.

Yanzu can take jan kujerarta.
Ba ta ce ya yi kyau ba, ba kuwa za ta ce ba.
Tana kakkaɓe busassun furanni daga gashinta,
tana zaginsa ciki-ciki in ya kama mata shanya.
Jiya Nicanor ya sake ɗaga murya ta kan katanga,
na yunƙura zan ɗauko adda.
Ko ɗagowa daga ɗinkinta ba ta yi ba:
"Zauna. Na wajensa kaɗai za ka sare.
Shi ma gobe.
Yau akwai rana, kuma ina cikin inuwa."