Fafe Gora Ranar Tafiya

Juma'a, ƙarfe huɗu saura,
aka ce gobe babu aikina a asibiti.
Kafin in tuɓe rigar aiki
Gethin ya iso ƙofa, kekuna biyu a kan mota,
tayoyinsu na juyi a iska, suna ɗokin dutse.

Na ce, "Ina za mu kwana?"
Ya ce, "Ai waya na hannunki, Nia."

An ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Mu sai da muka hau titi
muka fara cigiyar wuƙa.

Masauki na fari, 'yan biki sun cinye ɗakuna.
Na biyu, kwana uku ko a bari.
Na uku ya yanka kuɗi,
har na tambaya ko da gidan zai sallama.
Ta huɗu, murya kamar zuma,
da ta ji an ambaci keke sai zumar ta daskare:
"Na san ku, sarakan taɓo. Kafet ɗina sabo ne."

Cardiff ta ɓace a madubi,
tuddan Wales suka haɗiye mu.
Ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Tumaki a gefen hanya suna binmu da kallo,
kallon wanda ya riga ya san makwancinsa.
Cajin waya ya koma tara,
sabis ya faɗa kwari bai fito ba.

A gidan mai na ƙarshe
yaron da ke jan ƙyaure ya dubi kekunan, ya dube mu,
ya kifa rasit ya zana hanya da biro:
gada, tsohon coci, shinge uku.
"Ku nemi Eluned. Ku ƙwanƙwasa a hankali,
tana saurin firgita."

Ta fito da tocila da kare mai ido ɗaya.
Mu ba ta haska mu ba,
kekunan ta haska, tun daga kai har sarƙa,
ta daɗe.
Sannan ta ce, "Gado ɗaya ne, na ɗana Rhodri.
Ɗayanku zai raba ƙasa da kare.
Takalma a waje. Duk shingen da kuka buɗe, ku rufe."

Muka jingine kekuna a rumfar tumaki
kusa da wani tsohon keke ja,
gizo-gizo ya yi masa mayafi.
Miyar dankali ta zo da zafinta,
safarmu na tururi a bakin murhu.
A bangon ɗakin akwai taswira,
an bi wata hanya da jan alƙalami
wadda wayata ba ta taɓa jin labarinta ba.
Ban tambayi ina Rhodri yake ba.
Gethin ya yi minshari, kare ya taya shi.

Da asuba na ji ƙarar ƙarfe.
Na leƙa: ga Gethin a tsugune,
ya kwance sarƙar jan keke, yana ba ta mai,
Eluned na tsaye, shayi na hucewa a hannunta.
Da taya ta juya ta yi ƙara tik-tik-tik
sai ta kau da kai wajen tumaki,
ta ce suna jin yunwa.

Na miƙa kuɗi, ta ƙirga rabi, ta turo saura.
Ta ciro taswirar daga bango, ta naɗe,
ta cusa mini a aljihu:
"Bayan itace na uku ku bi hagu, gangaren na da santsi.
Shi ba ya taɓa birki a wurin.
Ke ki taɓa."

Muka hau, numfashi na fita kamar hayaƙi,
cinya na kuka, taɓo har gira.
A kan tudu na waiwaya:
gidan ya koma kamar ƙwayar gero,
da wani ɗigo ja a tsakar gida,
yana kewaye rumfa a hankali,
kare na binsa.